Babi na Bakwai: Kitsen Hanta da Abin da Jini ke Nunawa

Duk mai ciwon suga da ya daɗe yana zuwa asibiti a Keffi, a asibitin tarayya ne da kowa ke kira FMC ko a asibitocin kuɗi na cikin gari, ya san wata 'yar takarda da ake miƙo masa daga ɗakin gwaji. A samanta an rubuta LFT, a ƙasa ga jerin haruffa, ALT, AST, ALP, wani lokaci da GGT, kowanne da lamba a gabansa, a gefe kuma an sa iyakar da aka ce lafiyayye ba ya wucewa. Mai takarda ba ya jiran likita kafin ya yanke hukunci. Ya dubi lambarsa, ya dubi iyaka, in bai haura ba ya yi hamdala. In an tambaye shi a gida ya ce, "An duba hantar, sun ce lafiya lau."

Sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma ga mai suga, da mai teɓa, da wanda ya haɗa biyun, hukuncin nan kan kuskure ta fuska biyu. Lamba na iya zama daidai alhali hanta ta daɗe da fara lalacewa. Tana kuma iya haurawa a ɗora laifin a kan kitse, alhali wani abu ne daban ke cin hantar, abin da a Jihar Nasarawa ya fi kitse gaggawa. Gwajin yana da amfani ƙwarai, kuma shi ne mafi araha cikin abin da ke hannunmu. Karanta shi ne ke son natsuwa.

Hanta ita ce mafi girma a kayan ciki. A jikin babban mutum nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, tana kwance ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Abin da hanji ya tsotsa daga abinci, ta wajenta yawancinsa ke bi kafin ya zaga jiki. Ita ke ajiye suga ta sake shi lokacin yunwa, ita ke haɗa sinadaran da ke daskarar da jini idan an yanke, ita ke warware magani da guba. Tara kitse ba aikinta ba ne. Idan kitsen da ke cikinta ya wuce kashi 5 cikin 100, likitoci sun ce ta yi kitse.

Mun ga a baya yadda jikin mai ƙiba ke daina jin insulin. Kitsen da ya jibge a ciki, wanda ke tura riga gaba, idan ya daina jin insulin sai ya riƙa narkewa yana kwarara cikin jini, jijiyar da ta kwaso shi kuwa kai tsaye a hanta take juyewa. Ita ma hantar, da insulin ya yi yawa a jini, sai ta shiga mayar da suga kitse da kanta, musamman furuktos, irin sugan da ke cikin sukarin shayi da lemon kwalba. Hanta mai kitse kuma ba ta daina zuba suga a jini ko da bayan an ci abinci, suga ya hau, insulin ya ƙaru, kitse ya daɗu. Shi ya sa mai kitsen hanta da bai kamu da suga ba, haɗarin kamuwarsa ya ninka na sauran mutane wajen sau biyu.

Yawancin masu kitsen hanta a nan suke tsayawa har iyakar rayuwarsu. Wasu kuwa kitsen kan jawo musu kumburi, ƙwayoyin hanta su riƙa mutuwa, tabo ya maye gurbinsu. Tabo kan tabo, shekara 10, shekara 20, har hanta ta ƙanƙance ta taurare. Likitoci sun kasa tabon nan mataki-mataki daga 0 zuwa 4, na huɗun shi ne sirosis, inda ake fara ganin ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, wani ya yi aman jini, wani sankara ta fito masa. Duk shekarun da suka gabaci wannan, babu ciwo, babu zazzaɓi, mutum na zuwa kasuwa da ofis da masallaci.

Akwai abin da ke sa mutanenmu sakin jiki. Da an ambaci taurarewar hanta sai mutum ya ce, "Ni da ban taɓa kai giya bakina ba?" Likitocin Turai da Amurka ma sun daɗe a kan wannan zato, har sukan tuhumi marasa lafiya da ɓoye shan giya. Sai a 1980 Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka bayyana marasa lafiya 20 da hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha. Yawancinsu masu ƙiba ne, mata sun fi yawa, da dama kuma suna da suga. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sake fasalin yadda ake gane cutar: kitse a hanta tare da aƙalla ɗaya daga cikin ƙiba, hawan suga, hawan jini, ko rikicewar kitsen jini. A sababbin takardu za ka ga an rubuta MASLD inda a da ake rubuta NAFLD.

To me ALT da AST suke aunawa? Ƙwayoyin hanta cike suke da wasu sinadarai da ake kira enzayim, masu gaggauta sarrafa abinci a cikin ƙwaya. Mazauninsu cikin ƙwayar ne, ɗan kaɗan ke fitowa jini. Idan ƙwaya ta ji rauni ko ta fashe sai su tsiyayo, kuma tsiyayar nan ce ɗakin gwaji ke aunawa. A 1954 masu bincike uku a birnin New York, John LaDue da Felix Wroblewski da Arthur Karmen, suka nuna AST na hauhawa a jinin wanda ya samu bugun zuciya. Ba da jimawa ba aka gane yana hawa ma a ciwon hanta, aka kuma gane ALT ya fi shi nuna hanta. Wasu takardun har yau suna rubuta SGOT a madadin AST, SGPT a madadin ALT. Abu ɗaya ne.

Ka ga ke nan tun asali AST ba na hanta kaɗai ba ne. Yana cikin zuciya, yana cikin tsoka, yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya wuni yana haƙar doya aka ɗebi jininsa washegari, da wanda aka yi wa allura a ɗuwawu, da mai sikila, duk nasu na iya haurawa hanta na ƙalau. Har jinin da ya fashe a cikin kwalba, don an zuƙe shi da ƙarfi ko ya daɗe a ajiye cikin zafi, yakan ba da lambar ƙarya. GGT yakan hau da kitsen hanta, amma yana hawa da giya da wasu magungunan farfaɗiya. ALP kuma ya fi magana a kan hanyoyin matsarmama da ƙashi, yana hawa ga mai juna biyu da yaro mai tasowa ba tare da wata cuta ba.

Wani likita a birnin Naples na Italiya, Fernando De Ritis, ya lura tun 1957 cewa gwama AST da ALT ya fi duba kowannensu shi kaɗai. A farkon kitsen hanta ALT ne ke gaba, kuma hawan ba ya yawa, galibi bai wuce ninki biyu ko uku na iyaka ba. A hantar da giya ta ci, AST kan ninka ALT. Abin da ya fi shafar mai suga shi ne na uku: yayin da tabo ke ƙaruwa, ALT kan riƙa sauka, AST ya kamo shi har ya wuce shi. Mutum na iya murna lambarsa ta sauko, alhali saukar ba ta alheri ba ce.

Ka ɗauki buhun gero da ya huje a bayan mota. Tsabar da ke zuba a hanya tana shaida maka akwai huji, amma ba ta gaya maka saura mudu nawa a ciki ba, in buhun ya kusa ƙarewa ma zubar raguwa take yi. Enzayim a jini labarin raunin wannan mako suke bayarwa, domin AST ba ya kwana ɗaya kafin rabinsa ya ɓace daga jini, ALT kuma wajen kwana biyu. Tabon shekara 15 ba ya cikin abin da suke aunawa. Tabon kuwa shi ne abin tsoro. Wani bincike a Suwidin da ya bi marasa lafiya har tsawon shekara 33, aka wallafa shi a 2015, ya nuna matakin tabo ne ya fi komai nuna wanda cutar za ta yi wa illa.

Ita kanta iyakar da ke gefen takarda tana da magana. Lamba 40 da aka saba gani an tsayar da ita ne a zamanin da ba a san ciwon hanta nau'in C ba, wanda sai 1989 aka gano ƙwayarsa, ba a kuma damu da kitsen hanta ba. Cikin waɗanda aka auna a matsayin lafiyayyu akwai masu ciwo da ba su sani ba, suka ja iyakar sama. A 2002 Daniele Prati da abokansa a birnin Milan suka sake lissafi da jinin dubban masu ba da gudummawar jini, suka ware masu ƙiba da masu hawan suga ko kitsen jini, sai iyakar ALT ta sauko zuwa 30 ga maza, 19 ga mata. Macen da ALT ɗinta ya nuna 36 ba ta haura layin takarda ba, amma ta kusa ninka abin da ya dace da lafiyayyar mace. A birnin Dallas na Amurka, a 2004, an ɗauki hoton hantar mutum sama da 2,000 da na'urar maganaɗisu, aka samu kusan ɗaya cikin uku na da kitse, kuma kashi 79 cikin 100 na masu kitsen ALT ɗinsu daidai yake. Shekara guda kafin nan, a Jihar Bajiniya, an duba tsokar hantar masu kitse 51 da ALT ɗinsu bai haura ba, aka tarar 6 sun riga sun kai sirosis.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan gida. Ɗakunan gwaji ba hanya ɗaya suke bi ba. Wasu na da na'ura mai sarrafa kanta, wasu ƙananan kuma har yanzu suna bin tsohuwar hanyar Reitman da Frankel ta 1957, mai auna canjin launi, wadda iyakarta kan tsaya wajen 12. Lambar 25 daga wancan ɗakin da lambar 25 daga wannan ba abu ɗaya suke nufi ba. Mai bibiyar hantarsa ya yi ƙoƙari ya riƙe ɗakin gwaji ɗaya.

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar, wato lambar da ta haura. A Landan ko Dallas, idan mai teɓa ya zo da ALT 70, hankalin likita kan fara zuwa kan kitse ko giya, kuma galibi ya dace. A Keffi wannan gaggawa haɗari ce. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Nasarawa ta fita daban a nau'in C, domin ƙiyasin da aka yi wa jihar ya haura kashi 10, kuma masu binciken ƙwayoyin cuta na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi sun shafe shekaru suna nuna yawan cututtukan biyu a garin da ƙauyukan kewaye. Wannan ne ya sa a 2020 gwamnatin Abdullahi Sule, tare da ƙungiyar CHAI, ta ƙaddamar da shirin shekara 5 na gwaji da magani don kawar da nau'in C daga jihar. Saboda haka duk wanda lambarsa ta haura, kai har wanda tasa ba ta haura ba, gwajin B da C ne farko, komai girman tumbinsa. Nau'in C yana warkewa da ƙwayoyin sha na mako 12, fiye da 9 cikin 10 na masu sha suna rabuwa da shi. Nau'in B ba a cika rabuwa da shi ba, amma maganin tenofobir yana danne shi, rigakafinsa kuma ya shiga jerin allurar jarirai a Najeriya tun 2004. Babban abin takaici shi ne a ce wa mutum kitse ne, ya tafi yana fama da rage tuwo shekara da shekaru, alhali ƙwayar cutar da ake warkarwa cikin wata uku ce ke cin hantarsa. Sau da yawa ma duka biyun ne a hanta ɗaya, kuma haɗuwarsu ta fi kowannensu saurin kawo tabo.

Bayan ƙwayoyin cuta sai abin da ake sha. Maganin tarin fuka na iya tayar da enzayim, haka wasu magungunan ƙanjamau, haka farasitamol idan an wuce ƙa'ida. Burkutu da giyar kwalba suna nan a yankin, kuma wanda ke sha ya faɗa wa likita gaskiya, sirrinsa a rufe yake. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya na ɗauke da gubar aflatoksin, wadda idan ta haɗu da nau'in B take ninninka haɗarin sankarar hanta. Sai jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙe. Mai suga ya fi kowa shan su, domin kowane ɗan'uwa da ya zo dubiya da nasa maganin yake zuwa. Likita mai lura yakan tambaya da lallashi, "Hajiya, ban da wanda muka rubuta, me ake sha a gida?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Babu komai, Likita, sai ɗan na gargajiya." Ɗan na gargajiyar nan shi ake tambaya. A zo da kwalbar ko ƙullin, a faɗi yaushe aka fara. Ba don a kunyata kowa ba ne, don in shi ne ya tayar da lambar, barinsa kaɗai kan sauko da ita cikin 'yan makonni.

Idan an kawar da waɗannan, saura tambayar da ta fi kowace: akwai tabo ko babu? Hanya mafi tabbaci ita ce a tsiro tsokar hanta da allura a duba, amma tana da tsada da ɗan haɗari, kuma abin da ake cirowa bai fi kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba. Ba za a yi wa kowane mai suga haka ba. A nan ne wani ɗan lissafi ya shigo, wanda a ganina ya kamata kowane ma'aikacin asibitin masu suga a jihar nan ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe awon hawan jini. Sunansa FIB-4. Richard Sterling da abokansa ne suka fitar da shi a 2006 don masu ƙanjamau da ke da nau'in C, daga baya aka ga yana aiki ga kitsen hanta. Abu huɗu yake nema: shekarun mutum, AST, ALT, da adadin filatilet, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda ke fitowa a gwajin ƙidayar jini na yau da kullum. Filatilet sun shigo ne domin idan hanta ta taurare jini kan taru a saifa, ta kumbura ta riƙe su, hantar kuma ta rage haɗa sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera su. Ana ninka shekaru da AST, a raba da filatilet da aka ninka da tushen murabba'in ALT. Wayar hannu na yin sa cikin minti guda. Ƙasa da 1.3, da wuya a samu tabo mai nisa. Sama da 2.67, sai likitan hanta. Tsakanin biyun, ana bukatar gwaji na biyu.

Ga misali biyu da na ƙaga don a ga yadda yake aiki. Magidanci mai shekara 38, ALT 64, AST 40, filatilet 280. Takardarsa ta haura iyaka, hankalinsa ya tashi, amma lissafinsa 0.68 ne. Hantarsa na jin jiki, tana son gyara, sai dai da alama tabo bai yi nisa ba. Ga kuma uwa mai shekara 52 da ta daɗe da suga, ALT 28, AST 34, filatilet 180. Babu lamba ɗaya da ta haura a takardunta, amma lissafinta 1.86 ne. Ita ce ke bukatar a ƙara dubawa, kuma ita ce za a sallama da cewa lafiya lau in an tsaya ga iyakar gefen takarda. Kuɗin gwaje-gwajen nan ta riga ta biya su. Abin da ya rage kawai wani ya haɗa takardun biyu wuri ɗaya. Tun 2023 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ke ba da shawarar a yi wa manya masu suga nau'i na biyu wannan lissafi ko da enzayim ɗinsu daidai suke, likitocin hanta kuma suka ce a maimaita duk shekara ɗaya ko biyu.

Sai dai lissafin ba a ƙasar sauro aka haife shi ba, kuma dole a yi masa hattara a nan. Zazzaɓin cizon sauro yana kayar da filatilet, yana tayar da AST, don haka wanda aka auna yana cikin zazzaɓi ko bai daɗe da tashi ba lissafinsa zai yi sama a banza. A bari ya warke sarai. Sikila da tsargiyar hanji mai kumbura saifa su ma suna rikita shi. Ba a dogara da shi ga wanda bai kai shekara 35 ba, wanda ya kai 65 kuma iyakarsa ta ƙasa 2.0 ce. Lambobin tsohuwar hanyar auna launi ma ba da su aka gina shi ba.

Gwaji na biyu shi ne na'urar FibroScan, ƙirar Faransa da ta fito a 2003. Ana ɗora kanta tsakanin haƙarƙari, ta aika ɗan girgiza cikin hanta ta auna taurinta, babu allura babu ciwo. In awon taurin ya yi ƙasa da 8, hankali ya kwanta. Galibi a manyan birane ake samunta, kuma sa'ar mutumin Keffi ita ce Abuja wajen kilomita 50 ce kawai. Sikanin ciki da aka saba yi yana nuna hanta ta yi haske idan kitse ya yi yawa, amma yakan tsallake kitse kaɗan, kuma ba ya auna tabo.

Mutum nawa abin ya shafa? A duniya ana ƙiyasta wajen kashi 30 cikin 100 na manya, a cikin masu suga nau'i na biyu kuma fiye da rabi. Wani babban nazari na 2016 ya sa Afirka a ƙasan jeri da kashi 13.5, amma binciken da aka tattara daga nahiyar kaɗan ne ƙwarai. A Najeriya ma lambobin sun yi hannun riga: a Legas a 2011 an samu kitse a hantar ƙasa da kashi 10 na masu suga da aka duba, a Ile-Ife a 2018 aka samu sama da kashi 60. Gaskiya ne binciken Dallas ya nuna baƙaƙen Amurka sun fi sauran ƙarancin kitsen hanta, kashi 24 a kan 33 na farare da 45 na 'yan asalin Latin Amurka, kuma a 2008 aka gano wata ƙwayar gado, PNPLA3, da ke bayyana wani ɓangare na bambancin. Amma kashi 24 kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, wannan ba kariya ba ce da za a kwanta a kanta. Ciwon suga kuwa, nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya sa shi a kashi 5.77 na 'yan Najeriya.

Wanda ya san hanyar Keffi zuwa Abuja ya san inda abin ya dosa. Ma'aikaci ya fita bayan asuba, ya zauna a mota ta Masaka da Mararaba da Nyanya cikin cunkoso, ya zauna a ofis, ya sake zama a mota har dare. Karin kumallo burodi da shayi mai sukari cokali uku, rana lemon kwalba, dare malmalar sakwara ko tuwon shinkafa sannan barci. Kakansa ma ya ci sakwarar nan, amma shi ya noma doyar. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da gwamnatin tarayya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya sauya abin da ake saye ba. Ga kuma yadda muke kallon ƙiba. Magidanci ya ajiye tumbi a ce hutu ya zo, amarya ta yi ƙiba a ce mijin ya iya kiwo, ta rame a fara tambayar ko lafiya. Wannan matsin ne ke kai 'yan mata ga sha-ka-fashe, wanda sau da yawa akwai deksametason a cikinsa, maganin da ke tayar da suga ya kuma tara kitse a ciki da hanta. Ina roƙon iyaye mata da masu gyaran amare su dubi wannan da idon rahama. Tef ɗin tela ya isa a fara da shi: ƙugun namiji da ya kai santimita 94, na mace 80, ya shiga layin da za a duba.

Abin farin ciki, hanta na daga cikin gaɓoɓin da ke farfaɗowa. A birnin Habana na Kuba an bi marasa lafiya 293 tsawon shekara guda, aka duba tsokar hantarsu kafin da bayan rage ƙiba, aka wallafa sakamakon a 2015. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 na nauyinsu, 9 cikin 10 kumburinsu ya tafi, kashi 45 kuma tabon kansa ya ja baya. Rage kashi 5 ma yana rage kitsen. Ga mai kilo 90, maganar kilo 5 zuwa 9 ake yi, a hankali cikin watanni. A fara da abin sha, lemon kwalba da zoɓo da kunun da aka cika wa sukari, har a lokacin buɗa baki. A rage malmala a ƙara miyar ganye da wake. A yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 a yawancin ranakun mako, domin motsa jiki na rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba. Idan ALT ya sauko tare da saukar nauyi da ƙugu, wannan saukar alheri ce.

Magunguna sun fara fitowa. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom, na farko da aka yi don wannan cuta, a Agustan 2025 kuma ta amince da allurar semaglutayid ga masu kumburi da tabo. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu a yanzu. Tsohon maganin suga fiyoglitazon yana taimakon hanta ga wasu, amma yana ƙara nauyi kuma bai dace da mai raunin zuciya ba, don haka hukuncinsa na likita ne. Maganin suga metfomin ba ya warkar da kitsen hanta, ba ya kuma cutar da ita, kada a bar shi don lamba ta ɗan haura.

Haka ma maganin rage kitsen jini, irin su atobastatin. Ana yawan dakatar da shi da zarar an ga ALT ya motsa, don tsoron kada ya taɓa hanta. Binciken shekaru ya nuna masu kitsen hanta na shan sa lafiya, kuma likitoci ba sa tsayar da shi sai enzayim sun wuce ninki uku na iyaka ko wata alama ta bayyana. Dalilin nacewa a kansa shi ne, abin da ya fi kashe masu kitsen hanta bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, ciwon hantar kansa yana baya. Wanda aka ce hantarsa ta yi kitse, a ranar ya nemi a auna masa hawan jini da kitsen jini, a kuma duba fitsarinsa don ƙoda, wadda za mu shiga maganarta a babi na gaba.